Ajin motsa jiki na dattawa: yaya za a tsara shi ya yi amfani ba tare da wani ya ji ciwo ba?

Ƴar Dattijuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motsa jikin tsofaffi. Akwai dattawa 14 da suke son a riƙa haɗa su wuri ɗaya suna motsa jiki. Ƙaraminsu yana da shekara 62, babbarsu tana da 81. An samu ɗaki mai faɗi, akwai kujeru, akwai kuma wanda zai riƙa jagorantarsu, sai dai da matasa ya saba aiki.

Kusan rabinsu suna shan maganin hawan jini, uku suna da ciwon suga, da yawa suna kukan gwiwa. Biyu sun faɗi a cikin shekarar nan, ɗaya kuma da sanda take tafiya.

Sau nawa ya kamata a yi a mako, kuma minti nawa? Wane irin motsi za a sa, wane za a bari? Wasu sun ce a yi komai a zaune kawai don ya fi aminci. Ni dai tsorona kada garin neman gira a rasa ido, a zo neman lafiya a koma gida da karaya. Don Allah a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malamin Fisiyo (mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki) ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tsoronki yana kan hanya, amma ki sani irin wannan tsoron ne yake hana yawancin azuzuwan dattawa yin amfani. Don gudun kada wani ya faɗi, sai a zaunar da kowa a kujera awa guda ana ɗaga hannu ana juya wuya. Gaɓoɓi za su ɗan saki, za a yi raha, amma ƙafar da ba ta ɗauki nauyin mai ita ba ba za ta ƙara ƙarfi ba, kuma ba a koyon tsayuwa daram a zaune. Wanda zai iya miƙewa, to a tsaye zai yi mafi yawan aikinsa, kujera tana gabansa don dafawa.

Ga ma'aunin da ake bi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce mai shekara 65 zuwa sama yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, sannan da motsin da ya haɗa ƙarfi da daidaiton jiki aƙalla kwana uku a mako don rigakafin faɗuwa. Wannan na ƙarshen shi ne aikin ajinku. Tafiya kowa zai iya yi da kansa, amma motsin da zai sa mutum ya ɗan yi layi sai da ido a kansa.

Dalilin da ya sa ake matsa wa ƙafa shi ne tsoka tana raguwa tun daga wajen shekara 30, bayan 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. Cinya da ɗuwawu su ne ke ɗaga mutum daga kujera, su ne kuma ke tare shi idan ya yi tuntuɓe. Abin farin ciki shi ne tsokar tsoho tana amsa horo. A 1990 Dokta Maria Fiatarone ta sa wasu tsofaffi masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, wato ya kusa ninki uku. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta yi a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 108 da mutum fiye da 23,000, ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100, kuma idan aka haɗa daidaito da ƙarfi tare raguwar takan kai wajen kashi ɗaya cikin uku.

Kafin ranar farko a auna kowa da gwaji uku, a rubuta a littafi. Na farko tashi-zauna: kujera mai tsayin kamar santimita 43 a jingine da bango, mutum ya harɗe hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe sosai ya zauna cikin sakan 30. A ma'aunin hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, mace mai shekara 60 zuwa 64 da ta gaza 12, ko namiji da ya gaza 14, ƙafarsa ta yi rauni. Ga masu 80 zuwa 84 kuwa, 9 ne ga mace, 10 ga namiji. Na biyu: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3 yadda ya saba, ya juyo ya zauna. Wanda ya ɗauki sakan 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Na uku: ya sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsun ta baya, ya tsaya sakan 10 ba dafawa. Da waɗannan za a san wanda za a ajiye kusa da bango da kusa da mai horarwa.

Awa ɗaya ta isa. Minti 10 na farko ɗumama jiki ne: taka ƙasa a wuri ɗaya, juya kafaɗa, juya idon sawu, takawa gefe da gefe. Kada a gajarta shi, jikin tsoho ya fi na matashi jinkirin ɗaukar zafi.

Sai minti 20 na daidaito, tun ƙafa ba ta gaji ba. Hanya uku ake ƙara masa wuya: a matse tsayuwa, a motsa nauyin jiki, a rage dafawa. Matse tsayuwa yana farawa da haɗe ƙafafu, sai a tura ɗaya gaba rabi, sai dunduniya a kan yatsu, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Motsa nauyi shi ne tafiya a kan layi ɗaya, tafiya gefe, tafiya da baya a gefen bango, tsallake abu mai laushi, juyawa a zagaye, miƙa hannu a ɗauko abu a gaba. Rage dafawa kuma daga hannu biyu a kan bayan kujera, zuwa hannu ɗaya, zuwa yatsa biyu, zuwa hannu yana shawagi a saman kujerar bai taɓa ba. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Alamar an dace ita ce ki ga idon sawun mutum yana ɗan rawa, yatsun ƙafa suna damƙar ƙasa, amma bai cafki kujera ba. Idan ya tsaya ƙyam yana hira, motsin ya yi masa sauƙi. Idan yana cafka kowane sakan biyu, a mayar da shi mataki ɗaya baya.

Minti 20 na ƙarfi. Uwar aikin ita ce tashi-zauna: ya matso bakin kujera, ƙafafu su ɗan koma baya da gwiwa, ya sunkuyo daga ƙugu har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, ya miƙe. Wajen komawa a ƙirga uku kafin ya taɓa kujera. Kurakurai biyu ake yawan gani: faɗawa kujera jaɓ, wanda yake zubar da rabin amfanin, da gwiwoyi su riƙa haɗewa ciki. Wanda ya kasa tashi a ƙara masa tsayin kujera da matashi mai tauri, kada a ja shi da hannu. Bayan wannan sai ɗage dunduniya a tsaya da yatsu, sai ɗage yatsu a tsaya da dunduniya. Mutane suna raina na biyun, alhali tsokar gaban ƙwauri ce ke ɗaga kan ƙafa wajen tafiya, kuma rauninta ne ke sa tsoho jan ƙafa har ya yi tuntuɓe da bakin shimfiɗa. Sai ɗaga ƙafa gefe, yatsu suna kallon gaba, jiki bai karkata ba. Sai miƙe gwiwa a zaune da nauyin kilo 1 a ɗaure a idon sawu. Don hannu da baya, tura bango da jan robar motsa jiki sun wadatar.

Kowane motsi sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita. Biyun ƙarshe su zama da ƙyar. Duk wanda ya cika 12 cikin sauƙi a zama biyu a jere, a ƙara masa nauyi ko a rage tsayin kujera. Ajin da wata shida ana abu ɗaya da nauyi ɗaya, amfaninsa ya tsaya tun a wata na biyu. Minti 10 na ƙarshe a sassauta a hankali, a miƙar da tsoka, kowane miƙewa a riƙe shi sakan 30 zuwa 60 ba tare da girgizawa ba.

Aji biyu a mako, kada su zo a jere, da takarda mai hotuna ta motsi biyar ko shida da za a yi a gida rana ta uku. Idan mai horarwar yana son tsari shiryayye, ya nemi shirin Otago, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan. Motsi 17 ne na ƙarfi da daidaito, kuma a gwaje-gwajensa ya rage faɗuwa da wajen kashi 35 cikin 100.

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Malam ya gama magana a kan motsi. Bari in ƙara ta fuskar lafiya, tunda rabin mutanen masu shan magani ne.

A cike wa kowa takarda: cututtukansa, sunayen magungunansa kamar yadda suke a jikin kwali, aikin tiyatar da aka taɓa yi masa, da lambar wanda za a kira. Ba kowa ne sai ya kawo takardar likita ba. Waɗanda dole su ga likita kafin su fara su ne mai jin ciwo ko nauyi a ƙirji idan ya yi tafiya, mai haki ko yana zaune, wanda ya taɓa suma, mai kumburin ƙafa da ba a san dalilinsa ba, wanda ya yi ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, da wanda aka yi wa tiyata a ido, ƙugu ko gwiwa cikin ƴan watanni. Biyun nan da suka faɗi, a tambaye su yadda abin ya faru. Wanda ya ce tuntuɓe ya yi, ajin zai taimake shi. Wanda ya ce bai san yadda aka yi ba, ya dai tsinci kansa a ƙasa, wannan asibiti zai fara zuwa, don zuciya ko magani na iya zama sila.

A ajiye na'urar awon jini a ɗakin. Mutum ya zauna minti 5 kafin a auna, baya a jingine, hannu a saitin ƙirji. Idan ya kai 180 bisa 110, a sake aunawa bayan ɗan hutu. Idan bai sauka ba, ranar ba zai yi ba, ya je a duba shi. Kuma kada mai horarwa ya dogara da ƙirga bugun zuciya kamar yadda yake yi da matasa, domin maganin hawan jini na atenolol da danginsa suna danne bugun, mutum ya galabaita amma lamba ta nuna bai yi komai ba. Awon magana ya fi: idan yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, yana daidai. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ya ja numfashi, a rage.

Jiri wajen miƙewa shi ne abin da aka fi gamuwa da shi. Jini yakan taru a ƙafa, maganin hawan jini kuma ya hana jijiyoyi saurin matsewa, sai ido ya yi duhu. Maganinsa, kafin a tashi daga zama mai tsawo a taka ƙasa a zaune sau goma, a miƙe, a tsaya dafe da kujera a ƙirga biyar kafin a ɗaga ƙafa. Saboda wannan dalilin ne ba a tsayar da motsi kwatsam a ƙarshen aji. A kuma riƙa tunatar da su numfashi. Tsoho idan ya ji nauyi yakan riƙe numfashi ya yi yunƙuri, jini kuwa a lokacin yake haurawa. A sa su ƙirga da baki da ƙarfi, mai ƙirgawa ba ya iya riƙe numfashi.

Masu suga, waɗanda ke allurar insulin ko shan glibenclamide su ne sugansu ke iya faɗuwa. Kada su zo da yunwa bayan sun sha magani. Alamun su ne gumi mai sanyi, makyarkyata, yunwa farat ɗaya, magana ta rikice, wani ma ya hau faɗa ba dalili. Idan na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 idan da ɗaya ma'aunin take ƙirga, a narkar da babban cokali ɗaya na sukari a ruwa a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Su riƙa duba tafin ƙafarsu bayan kowane aji, domin wanda jijiyar ƙafarsa ta mutu takalmi zai ci shi bai ji ba.

Masu gwiwa za su ji ɗan ciwo, wannan ba ya nufin ana lalata gaɓar, zama ma ya fi cutar da ita. Ƙa'idar ita ce idan ciwon ya fi yadda yake kafin aji kuma ya wuce awa 2 bai lafa ba, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi, a rage zurfin durƙuso da nauyi a zama na gaba. Wanda aka ce ƙashinsa ya yi rauni, ko macen da ta ranƙwafa ko tsayinta ya ragu, kada a sa ta sunkuyawa ta taɓa yatsun ƙafa, ko kwanciya tana ɗago kai zuwa gwiwa, ko murɗa baya da ƙarfi. Ƙashin baya yana iya dannewa ya tsage daga irin wannan.

A tsaya nan take a nemi asibiti idan aka ga ciwon ƙirji mai tafiya hannu ko haɓa, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya karye.

Sai ƙananan abubuwan da suke jawo babbar matsala. Kujerar roba mara nauyi tana zamewa a kan tayil, ƙafafunta kuma suna talewa, a nemi mai nauyi ko a jingina ta da bango. Ban da silifas, ban da safa a kan tayil. Takalmi ya zama mai rufe dunduniya, mai siririn ƙasa da ba ya santsi. Doguwar sutura da ke jan ƙasa a ɗage ta. A ba da hutun shan ruwa sau biyu ko ba wanda ya nema, don jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa. Banɗaki kuma ya kasance kusa, a ba da dama a je ba sai an nemi izini ba. Mata da yawa suna daina zuwa saboda fitsari yana kufce musu wajen motsi, kuma ba za su taɓa faɗa miki dalilin ba.

Ƴar Dattijuwa ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Sista, na rubuta komai. Saura abu biyu. Wasu daga cikinsu suna cewa ai suna tafiya kullum, me ya sa sai an tara su? Sannan an ce mini irin wannan aji yakan fara a cike, bayan wata biyu a waiga a ga mutum huɗu. Yaya ake riƙe su?

Kociya ta amsa:

Malama, tambayarki ta biyu ita ce za ta yanke hukuncin ko duk abin da aka faɗa a sama zai yi amfani. Rigakafin faɗuwa yana bukatar wajen awa 50 na horo a tare, wato kusan wata shida ana yi, kuma da an daina ƙarfin yake fara zubewa. Takardar motsi a gida mutane ƙalilan ne suke bin ta har tsawon haka su kaɗai. Abin da ke fito da tsoho daga ɗaki ranar da jikinsa ya yi nauyi shi ne sanin cewa akwai kujerarsa a can, kuma za a tambaya idan ba a gan shi ba.

Haɗuwar ita ma kanta magani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tsoho ɗaya cikin huɗu yana rayuwa a ware daga mutane, har ta kafa kwamiti na musamman a kan lamarin a 2023. Nazarin da Julianne Holt-Lunstad ta jagoranta a 2010, wanda ya haɗa bincike 148 da mutum fiye da 300,000, ya gano cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a kan ciwon mantuwa ya lissafa rashin motsa jiki da kaɗaici, kowanne daban, cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kuma ake iya gyarawa. Aji ɗaya yana taɓa biyun. Ritaya, rasuwar abokin zama, raunin ji da tsoron faɗuwa duk suna rage wa mutum fita, rashin fita ya raunana ƙafa, raunin ƙafa ya ƙara tsoro. A nan ake yanke wannan igiyar.

Amma tara mutane a ɗaki ɗaya bai isa ya sa su saba ba, sai an tsara. A jera kujeru a zagaye ko rabin zagaye, kowa yana ganin fuskar kowa. Layi-layi yana sa mai rauni ya ɓuya a baya inda ba a ganinsa. A riƙa haɗa su biyu-biyu, ɗaya yana tashi-zauna ɗaya yana ƙirga masa, a riƙa canza abokan don kada a samu ƴan gefe. A raba ayyuka: wannan rajista, wannan robobi, wannan kiran wanda bai zo ba. Wanda yake da aiki a wuyansa ba ya fashi da wasa. Duk wanda ya yi fashi sau biyu a jere a kira shi a ranar, kiran gaisuwa da jin lafiya, kada ya ji kamar tuhuma ce. A bar minti 15 bayan aji ana zaune ana hira, kada a kore su don za a rufe ɗaki. Ga wasu wannan ce doguwar hirar da za su yi a yinin.

A bar ajin na sa'o'in juna. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2018, ya nuna dattawan da aka haɗa da tsaransu sun fi halartar aji a kan waɗanda aka gauraya da ƙananan shekaru. Rana da lokaci kuma kada su riƙa canzawa.

Wuraren da ake zubar da mutane sanannu ne. Na farko makon farko: tsamin jiki yana tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan motsi, wanda ba a gaya masa ba zai ɗauka an ji masa ciwo. A faɗa musu tun kafin ya zo, a kuma fara da rabin abin da za su iya. Na biyu bayan jinya ko tafiya: mutum yana jin kunyar dawowa saboda an wuce shi, to a sanar tun farko cewa mai dawowa mataki ɗaya ko biyu baya yake komawa, kuma haka tsarin yake ga kowa. Na uku gasa. Kada a karanta lambobin gwaji a bainar jama'a, kowa da lambarsa ta baya ake gwada shi.

Mai horarwar da ya saba da matasa yana bukatar gyara bakinsa da saurinsa. Waɗannan iyaye ne, a kira su da girmamawa, ban da tsawa, ban da yi musu magana kamar yara. Ya tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarsa, ya faɗi abu ɗaya, ya nuna, sannan a yi, domin da yawansu da ido suke cike abin da kunne ya rasa. Kowane motsi ya nuna shi hawa uku, ya fara da mai sauƙi, don wanda ya zaɓe shi kada ya ji shi ne koma-baya. Ya kuma riƙa danganta motsi da bukata: wannan don tashi daga gado ne, wannan don hawa matakala, wannan don ɗaukar jika. Mutum 14 masu irin wannan bambanci sun yi wa mai horarwa ɗaya yawa, a samo mataimaki da zai tsaya kusa da masu rauni. Kiɗa mai taushi yana ƙara armashi idan suna so.

Malamin Fisiyo ya ƙara da cewa:

Na yarda da Kociya, sai a kan kiɗa zan sa sharaɗi. A lokacin ɗumama jiki ba laifi, amma a kashe shi a lokacin daidaito da ƙarfi. Kiɗa yana tilasta wa kowa gudu ɗaya, mai rauni ya yi ta sauri don ya kamo, nan ake rasa tsari, ga shi yana danne muryar mai horarwa.

Masu cewa tafiya ta ishe su, a yaba musu su ci gaba, tana gyara zuciya, suga da barci. Sai dai ita kaɗai ba a ga tana rage faɗuwa ba, domin hanya ɗaya take bi, gaba, kuma ba ta ɗora wa cinya nauyin da zai ƙara mata ƙarfi. Faɗuwa kuwa a juyi take zuwa, a takun gefe, a miƙa hannu, a tashi cikin dare. Wanda ƙafarsa ba ta da daidaito ma, saurin tafiya a waje yana iya ƙara masa haɗari, shi ya sa ake fara gina masa ƙarfi da daidaito tukuna. A yi musu gwajin dunduniya a kan yatsu na sakan 10, da yawa za su ba kansu amsa.

Mai sanda ta zo da sandarta, a duba robar ƙasan ko ta cinye, a duba tsayin: idan ta tsaya hannu a sake, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu. A hannun da ke kishiyar ƙafa mai ciwo ake riƙe ta.

Bayan kamar wata biyu, idan ƙafafu sun yi ƙwari, a fara koyar da tashi daga ƙasa. Kusan rabin tsofaffin da suka faɗi ba sa iya tashi da kansu ko ba su ji rauni ba, kuma daɗewa a kwance a ƙasa yana da nasa haɗarin. Daga ƙarshe ake farawa, ba a kwantar da mutum rana ɗaya a ce ya tashi. Zama na farko ya fuskanci kujera mai nauyi, ya dafa ta da hannu biyu, ya ja ƙafa ɗaya baya ya ɗan sauka ya miƙe. Idan ya iya, gwiwar ta taɓa matashi a ƙasa ya tashi. Sai gwiwa biyu. Sai hannu su sauka ƙasa kamar mai rarrafe. Sai zama a gefen cinya, daga nan kwanciya ta gefe. Ba a wuce mataki sai ya iya dawowa daga shi ba taimako. Mutum ɗaya ake yi wa a lokaci guda, mataimaki yana tsaye. Wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu ko gwiwa sai da izinin likitansa.

A maimaita gwaje-gwajen nan uku bayan mako 12, da kujera ɗaya, da takalmi ɗaya, a kusan lokaci ɗaya na yini. Wanda lambarsa ta tashi a ƙara masa wuya. Wanda tasa ta sauka alhali yana zuwa aji, a tura shi a duba magungunansa, idonsa da jininsa.